Ajin Malam Haladu Ba Ya Tashi

Duk wanda ya san Malam Haladu ya san hularsa, kuma ya san ba don ado yake sa ta ba. Rumbu ce. A ciki yake ajiye alli. Ba sabon alli dogo ba, a'a, guntaye, irin waɗanda in ka riƙe sai farcenka ya riga allin taɓa allo. In zai yi rubutu sai ya ɗaga hular a hankali kamar mai leƙa kazar da ke kwanci, ya lalubo guda, ya mayar. Shi ya sa tun yana da sauran ƙuruciya kansa ya yi fari fat. Baƙi su ɗauka furfura ce, su durƙusa su gaishe shi, shi kuwa ya amsa da "Allah ya yi albarka", ko kunya babu.

Ni ce Indo, mai ɗanwaken bakin makaranta a da. Gwaggona ce ta haife shi, wato taubashina ne, saboda haka ina da ikon faɗar abin da na ga dama a kansa, yana raye ko ba ya raye. Hajara, wadda ke riƙe da ajinsa yanzu, ita ta ce in rubuta wani abu ta karanta muku ranar da za ku taru yi masa addu'a. Na ce zan rubuta, amma ba zan yi masa kwalliya ba. Kuma kada kowa ya gyara mini rubutu. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na fara riƙe fensir. Abin da kuka ji, shi na samu.

Kun tuna kalmarsa. Tsohuwar garma ce ƙararrawarmu, a rataye jikin darbejiya. Da an buga ta kun zabura kuna neman hanya, sai ku ji daga gaban allo:

"Ba a tashi ba!"

"Malam, an buga!"

"Garma aka buga. Garmar ce ke koya muku lissafi?"

Haka za ku koma ku zauna kuna zumɓure baki. Ni ina waje ina zaginsa a raina, don ɗanwakena na hucewa.

Sai shekarun nan suka zo, ba sai na tuna muku ba. Damina ta yi gardama, rumbuna suka koma gidan ɓeraye, ɓerayen ma suka gaji suka yi ƙaura. Tuwo sau ɗaya a wuni, shi ma a gidan da Allah ya rufa wa asiri. Alli ya daina zuwa daga ofis, albashi ya bi bayansa. Malamai suka riƙa sulalewa. Wannan ya shiga birni sayar da gwanjo, wancan ya ce zai je gaida surukai a Gezawa, har yau yana can yana gaisuwa. Hedimasta ya tafi bin takardu, takardun suka riƙe shi. Aka bar Malam Haladu shi kaɗai. Ya tattara yaran da suka rage, manya da ƙanana, ya zuba su a aji guda.

Da allin cikin hula ya kusa ƙarewa, sai ya riƙa shimfiɗa faifai a gindin allo yana tare garin da ke zuba. Ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya mulmula, ya shanya. Ya zo yana taƙama wai ya buɗe kamfani. Layi ɗaya ya ja, allin ya wargaje a hannunsa, kamfani ya rushe. Bai karaya ba. Ya je gonarsa ya tono rogo, ya fere, ya tsaga siriri siriri, ya busar. Wallahi yana rubutu! Ba ya fita sosai, amma in an goge allon da gawayi da ɗanyen ganye ana gani.

Wata rana aka fita tara, ya manta rogon a kan tebur. Ya dawo, wayam. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba hula, sannan ya juyo.

"Wa ya cinye lissafin gobe?"

Kowa ya kalli na kusa da shi.

"Kowa ya fito da harshensa."

Ina tsaye a taga ina kallo. Yana bi ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan wata 'yar firit a layin gaba, harshenta fari sol. Hajara, kada ki tsallake wurin nan in kina karantawa, ke ce. Ta fashe da kuka tun kafin ya yi magana. Na san gidansu, na san rabonsu da ɗora tukunya. Na zura kai ta taga.

"Haladu! In ka taɓa yarinyar nan sai na kife maka tukunyar ɗanwake a ka!"

"A makaranta Malam nake."

"To, Malam Haladu, in ka taɓa ta sai na kife maka tukunyar ɗanwake a ka!"

Bai ko kalle ni ba. Ya tsuguna a gabanta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Da daɗi?"

Ta ja majina ta ce, "Ba gishiri, Malam."

Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Washegari sai ga shi da ƙunshi biyu. Ya ɗaga ƙaramin ya ce, "Wannan na allo ne." Ya ɗaga babban, dafaffe, yana tururi. "Wannan na ciki ne. An sa gishiri saboda Hajara. Duk wanda ya sake ci mini na allo, ni da shi ne." Haka ya yi ta yi har rogon gonarsa ya ƙare ƙarƙaf. Matarsa Asabe ta zo mini da kuka wai mijinta ya rubuce abincin gida a allo, saura kuma ya raba wa 'ya'yan mutane. Na ce, "Asabe, ni na ce ki aure shi?"

A ƙarshen daminar nan ruwan da ya ƙi zuwa lokacin da ake nemansa ya zo da iska. Ta yaye kwanon ajin gaba ɗaya. Katangar ƙasa ta sha ruwa ta kwanta. Abu biyu suka rage a tsaye: gefen da allo yake, da ƙofa. Ƙofa ita kaɗai, da ginshiƙanta, a tsakiyar fili, ba komai dama ba komai hagu.

Kuna tsammani ya haƙura? Kwaɗo ya saya mata! Kullum in an tashi, wato in ya ga dama an tashi, sai ya fitar da yara ta ƙofar, ya ja ta, ya datse, ya rataya ɗan mukulli a wuya. Awaki na shiga suna fita ta ko'ina, shi yana jijjiga kwaɗo ya tabbatar ya kama. Da safe yara su yi layi, ya buɗe, su shiga da sallama. Wanda ya tsallaka ta kan ɓaraguzai sai ya koma ya zagayo.

Ni kuwa na rasa tagata, sai na ɗan matso da tukunyata.

"Indo, matsa, kin tare taga."

"Wace tagar?"

"Wadda kike tsaye a cikinta."

"Haladu, ka je a duba ka."

"Malam."

Ana cikin haka, da rani, Alhaji Mati ya zo. Ga waɗanda ba su riske shi ba, shi ne mai gonar da ta yi iyaka da makaranta, Allah ya jiƙansa. Ya tako ta kan ɓaraguzai da babbar rigarsa, ya tsaya tsakiyar yara, ya yi sallama. Malam ya ci gaba da rubutu. Ya sake sallama.

"Yara, kun ji an ƙwanƙwasa ƙofa?"

"A'a, Malam!"

"Ni ma ban ji ba. Biyu sau uku?"

Sai da Alhaji, da girmansa da gemunsa, ya fita ya zagaya ya ƙwanƙwasa ƙofar da yake ganin mai ɗakin ta gefenta. Malam ya buɗe da fara'a. "A'a, Alhaji ne? Sannu da zuwa! Ka yi haƙuri, ɗakin namu ba kujera."

Abin da ya kawo shi ba na dariya ba ne. Filin makarantar nan mahaifinsa ne ya ba da shi aro, a kan muddin ana karatu a wurin. Alhaji ya ce makaranta ta mutu: ba rufi, ba katanga, ba hedimasta. Bana zai shuka gero.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ba ya nan. Ku kun san ƙasarmu. Daga nan har Zakirai babu tafin hannu guda da ba a nomawa, har gefen hanya sai an soka masa wake. Ga fili ya shekara da shekaru yana hutawa, awakin gari suna zuba masa taki kyauta. Ga Alhaji da bakuna cike da gida, rumbu ba komai. Ko ni ce, sai na kalli filin nan na haɗiyi yawu. Amma kun kuma san al'adarmu: abin da aka shuka ya tsiro, ba a tuge shi. In gero ya fito a filin nan, sai bayan girbi. Bayan girbi kuwa ya zama gona, makaranta ta tafi ke nan. Wadda ke kusa da mu, yaro ƙarami ba zai iya zuwa da ƙafa ba, balle 'ya mace.

Aka je gaban Dagaci. Shi kuwa mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa, shi ya sa kullum yake ɓata wa kowa. Ya yi ta shafa gemu, sannan ya yanke: "In ruwan shuka ya sauka, Alhaji ya je filin. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, duk lokacin da ya tarar ba malami ko ba ɗalibi, makaranta ta mutu, ya shuka. In ya tarar ana karatu, ya haƙura. Ban da shukar dare, mu ba ɓarayi ba ne."

Alhaji ya yi murmushi har kunne. Duk wanda ke wurin ya san dalili. Ranar ruwan shuka wa ke zuwa makaranta? Uba na gaba da sungumi yana sara, yaro na biye yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ko ɗan da aka yaye jiya sai an ba shi ƙoƙon iri. Danshi ba ya jiran kowa, balle a shekarar yunwa. Malam ya bi gida gida yana roƙo a bar masa ko yaro guda. Kowa ya ce, "Allah ya kai mu, Malam." Kun san ma'anar wannan. Kuma ban ga laifinsu ba.

Ran nan muka tashi da asuba ƙasa ta jiƙe sharkaf, gari duk ƙamshi. Ina idar da salla 'ya'yana maza suka ɗebi iri suka fita. Tunda maigidana ya rasu su ke riƙe da 'yar gonarmu. Sai na ji ana buga ƙyaure kamar za a ɓalle shi.

"Indo! Ɗauko mayafinki. Yau ke 'yar aji ɗaya ce."

"Haladu, me ka sha?"

"Dagaci cewa ya yi ɗalibi. Kin ji ya faɗi shekaru?"

"Ni da jika a hanya zan je in zauna a ƙasa ina A da Ba?"

"Shekara nawa kina satar karatuna ta taga? Yau ki shigo ta ƙofa."

Na kalle shi. Ƙafarsa duk taɓo, mukulli a wuya, ƙunshin rogo a hammata. Na ce, "Taka gonar fa? Wa zai shuka maka?"

Ya ce, "Ba ita na zo tambaya ba."

Nan na san mutumin nan ya bar gonarsa ne, a ranar da ba mai barin tasa. Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce, "Ni kaɗai ba zan iya wuni a zaune ba, mutum yana da uzuri. Je ka buɗe ƙofarka ta banza. Ina zuwa."

Na bi gidajen da na san an bar tsofaffi su kaɗai. Na samo wata tsohuwar unguwarmu, Gwaggo Ladi, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta biyo ni a zaton suna za mu. Sannan na yi abin da har yau nake alfahari da shi: na shiga gidan Alhaji Mati kansa. Mahaifiyarsa, Iya Dije, tana zaune bakin ɗakinta tana faɗa da kaji. Ban yi mata kwana kwana ba.

"Iya, filin da marigayi mijinki ya ba makaranta, yau ɗanki zai shuke shi."

Ta daina korar kaji. "Ubansa ya bayar, Mati zai karɓe? Wa ya tambaya?"

"Ni dai ban ji an ce an tambaye ki ba."

"Miƙo mini sandata."

Rana na fitowa muna zaune a kan tubala a gaban allo, mu uku, mun shigo ta ƙofa da sallama. Sai ga Alhaji da 'ya'yansa maza, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a ka, yana tafe yana raha. Ya zo daf. Ya tsaya. Ya murza ido.

"Iya! Me kike yi a nan?"

"Boko."

Ya ɗaga ƙafa zai tsallako, ta nuna shi da sanda. "Ta ƙofa, Mati."

Bai shigo ba. Daga waje ya riƙa ɗaga murya. "Malam Haladu, wannan zalunci ne! Waɗannan ba ɗalibai ba ne, kakannin ɗalibai ne!"

"Sun makara ne, Alhaji. Na yafe musu."

Alhaji ya yi ƙwafa. Ya ce, "Ba komai. Tsofaffi ne, yanzu bayansu zai gaji. Ai za ku tashi." Ya je gindin darbejiya ya zauna, ya sa 'ya'yansa suka zauna. Babban ya ce, "Baba, mu fara zuwa babbar gona mana, mu dawo." Ya ce, "Muna juya baya za su watse, mu dawo su sake taruwa. Ba inda za mu. Yanzun nan ne."

Ku da kuka sani, Malam ba ya wasan karatu. Na ɗauka zama kawai za mu yi mu cika sharaɗi. Ina! Ya ja layi guda a allo, a tsaye.

"Mene ne wannan?"

Iya Dije ta ce, "Tabarya."

"Madalla. Sunanta I. Ku ce I."

Muka ce I. Gwaggo Ladi ta ce, "Amin."

Ya zana zagaye. Iya ta ce bakin turmi ne, ya ce sunansa O. Can ya hango bakinta na motsi.

"Dije, me kike ci a aji?"

"Goro ne."

"Kawo."

Ta miƙa masa, ya jefa a hula. Alhaji ya zabura daga gindin bishiya. "Kai! Uwar tawa kake kira Dije? Har ka ƙwace mata goro?"

Iya ko juyawa ba ta yi ba. "Zauna, Mati. Tsakanina da malamina ne."

Sai aka zo kaina. Ya miƙo mini rogo ya ce in fito in yi tabarya. Jama'a, hannun nan nawa da ke sauke tukunya daga wuta ba tsumma, shi ne ya kasa riƙe ɗan rogo. Na danna da ƙarfi, rogo ya karye.

"Indo, allo ne, ba daka ba."

"Rogonka ne rubabbe!"

"Sake."

Na sake. Ya karkace. "Sake." Na sake, ina zaginsa ƙasa ƙasa. Da ta miƙe sai ya ce, "Wannan ita ce farkon sunanki. Turmin can shi ne ƙarshensa. Saura biyu a tsakiya." Na tsaya ina kallon allon. Shekara da shekaru ina jin ana rera abubuwan nan ta taga, ban taɓa sanin akwai nawa a ciki ba. Na ce, "Ba ni biyun." Ya ce sai gobe. Na ce, "Wallahi yau za ka ba ni, ko in tashi Alhaji ya shuka gero har cikin hularka." Ya ba ni. Kafin azahar na rubuta Indo, a karkace kamar kunyar da makaho ya yi, amma Indo ce. Daga lokacin ba don Haladu nake zaune ba, ba kuma don Alhaji ba. Ko da bulala aka zo ba mai tashe ni.

Rana ta take. Alhaji ya duba inuwa, ya ga lokacin tashi ya yi, ya miƙe da kansa ya ɗauki dutse ya rafka wa garma. Ƙau! Ƙau! Ƙau!

"Ba a tashi ba!"

"An buga, Malam Haladu!"

Mu uku, ko mu ce mu biyu, muka haɗa baki: "Garma aka buga!"

Salla ma bi da bi muka yi ta. Malam ya yi tasa a kusurwar da babu, yana sallamewa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya koya mana ƙirga. Ya koya mana tsabtar jiki, Iya ta ce ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa, kada ya raina mata hankali. Muryarsa ta dishe, ya ci gaba da raɗa. Gwaggo Ladi ta jingina da ƙofa ta kama minshari. Alhaji ya yi tsalle.

"Ga shi nan! Wannan barci take yi, ba karatu ba!"

Malam ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin ajin da ba mai barci? Ai yanzu ya cika aji."

Ranar nan kuwa rana ta buɗe da zafi kamar ba a yi ruwa ba. Mutane suka fara dawowa daga gona da ƙwarya wofi, sun gama, suna wucewa suna yi wa Alhaji sannu da hutawa. 'Ya'yansa sai kallon juna suke. Ni bayana ya ƙage, ƙafafuna sun kumbura. Iya Dije kuwa na ga leɓenta ya bushe. Na ji tsoro. Na raɗa mata ko in kai ta gida. Ta harare ni.

Sai ta sunkuya ta damƙi ƙasa, ta matse, ta buɗe hannu. Da safe da ta dunƙule. Yanzu sai ta wargaje ta zube ta tsakanin yatsunta.

"Mati, zo nan. Ta ƙofa."

Ya zagayo ya shigo, ya durƙusa. Ta sake damƙo ƙasa ta zuba masa a tafi.

"Na allo ba ka iya ba. Karanta mini wannan."

Ya matse. Ya buɗe. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Gonar ubanka tana can, wadda ke ciyar da gidan nan tun ba a haife ka ba, ko rami guda ba a sara ba. Kai kana nan kana gadin tsofaffi a kan filin da bai kai zanen ɗaurawa ba. In ka rasa danshin nan, me za ka ba 'ya'yanka? Ƙofar Malam?"

Wallahi ban taɓa ganin mai babbar riga ya yi gudu irin na ranar ba. Ya tattare ta a kafaɗa, yana ƙwala wa 'ya'yansa kira, iri na zuba a hanya. Amma abin da ya ba ni dariya har na yi hawaye, duk saurin nan, ta ƙofa ya fita.

Na miƙe ina gyara zane. "To, alhamdu lillahi."

Wata 'yar murya kamar ta ƙwaro ta ce, "Ba a tashi ba."

"Haladu, ya tafi!"

"Dagaci ya ce faɗuwar rana."

Sai da ta faɗi. Sannan ya ciro goron Iya daga hula, ya yi fari da garin alli, ya miƙa mata hannu biyu, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Iya, na gode." Ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Ta kuwa zo. Ta zo jibi. Yara suka dawo suka tarar da ita a layin gaba. Aka sake ruwa, Alhaji ya leƙo, ya ga uwarsa, ya wuce. Gari ya ɗauka: Alhaji Mati ya bar mahaifiyarsa tana wuni a rana. Ya roƙe ta, ya turo mata 'yan'uwa, ta ce sai ta ga ƙarshen baƙaƙen nan. Da ya rasa yadda zai yi, shi da kansa ya kawo azara da kara da zana ya kafa rumfa a kan ajin. Malam na tsaye a kansa yana cewa, "Matsar da dirkar nan, Alhaji, ka toshe taga." Da kaka ta yi, aka yi gayya aka ta da katanga. Ƙofar da kuke shiga ajin Hajara yau, ita ce dai.

Gonar Malam kuwa sai a ruwa na biyu ya shuka ta, geron ya fito a tsaitsaye, abin da ya girba bai kai su ko'ina ba. Bai taɓa ambatawa ba. Asabe ce ta ambata, kullum, har ta koma ga Allah.

Ni na koma wa tukunyata, na ajiye ta a inda na saba. Sai na ji, "Indo, wa ya ce an tashi?" Na ɗauki tukunyar na shiga da ita. A bayan aji na zauna, tana gefena, har na gama aji shida tare da sa'o'in 'ya'yana. Ran da na makara ya ce in yi kamun kunne. Na ce sai dai ya kama nasa. Muka shirya a kan shara.

Da ciwonsa ya yi tsanani na je duba shi. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Ya ce in karanta masa wani abu, ko mene ne. Na ɗauki takardar maganinsa na karanta masa, safe da yamma, bayan cin abinci. Ya lumshe ido yana saurare kamar ana masa waƙa. Na ɗauka ya yi barci, na lallaɓa zan fita. Leɓensa ya motsa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na sani. Na koma na zauna.

Bayan an kai shi, 'ya'yansa suka aiko mini da hular. Akwai guntayen alli a ciki, ga shi yanzu alli ya wadata. A can cikin lanƙwasa kuma na sami ɗan busasshen rogo. Ban san na allo ba ne ko na ciki.

Hajara, in kin kawo nan ki ɗaga kai. Na san wasu sun fara laluben takalma. Kin san abin da za ki ce musu. Su zauna, su ɗaga hannu.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ɗan gwaggona. Yana da taurin kai, mun shaida. Ya ciyar da 'ya'yan mutane da abincin gidansa, wannan ma mun shaida. Ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka yi masa inuwar da ya rasa a ajinsa. Kowane baƙi da hannuwanmu suka rubuta, ka sa a mizaninsa. Ya Rabbi, mutum ne da bai taɓa tsallake katanga ba. In ya iso ya yi sallama, ka buɗe masa ƙofa. Amin.